Me ya hana biri tafiya a miƙe kamar mu?

Tambaya: Salam Malam. Ranar kasuwar garinmu na tsaya kallon masu wasa da biri, sai naga birin ya miƙe da ƙafa biyu yana taku kamar mutum amma ko taku goma bai yi ba ya koma ƙasa da hannuwa. Tunda yana iya tsayuwar me ya hana shi ci gaba? Kuma wai da gaske an gano lokacin da aka fara tafiya a miƙe? Daga wani ɗalibi a Funtuwa.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gajiya ce ta mayar da shi ƙasa ba ƙiwa ba. Tashi ka gwada yanzu, ɗaga ƙafa ɗaya ka dafa gefen ƙugunka, zakaji wata tsoka ta ɗaure tamau, to ita ce ke hana ka kifewa gefe, kuma a duk takun da kayi akwai lokacin da jikinka gaba ɗaya kan ƙafa ɗaya yake, mu dai mun saba ne bama lura. Ƙashin kwankwasonmu gajere ne mai faɗi kamar akushi, ya zagayo ta gefe shi yasa tsokar ta samu wajen kamawa. Na manyan birai irinsu cimfanzi dogo ne shafal a baya, in ya ɗaga ƙafa dole ya karkata jikinsa duka ya bi ɗayar, shine wannan rangajin da kake gani.

Sannan ƙashin cinyarmu daga ƙugu ya karkato ciki ne zuwa gwiwa, ƙafafun suna sauka daidai ƙarƙashin jiki, gwiwar kuma tana miƙewa sambal. Biri gwiwa a lanƙwashe ƙugu a lanƙwashe, kai ma kayi tafiya a haka daga gida zuwa masallaci kaji yadda cinyarka zata yi zafi. Tafin ƙafarmu yana da ɗan rami a tsakiya mai aiki kamar sifirin, babban yatsa ya jeru da 'yan'uwansa dashi muke tunkuɗa ƙasa, nasa kuwa ya ware gefe don kama reshe. A 2007 wasu masu bincike a Amurka sun ɗora biran cimfanzi kan injin tafiya na motsa jiki suka auna numfashinsu, sai ya zama mutum kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da birin ke ƙonawa yake kashewa.

Maganar lokaci kuma, a nan maƙwabta ma aka tono ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun. A 2001 a hamadar Jurab ta arewacin Chadi wani ɗan ƙasar, Ahounta Djimdoumalbaye, cikin tawagar Bafaranshe Michel Brunet, ya tsinci wani ƙoƙon kai da aka ƙiyasta ya kai shekara miliyan 7, aka sa masa suna Tumai. Ramin da laka ke fita ta cikinsa yana ƙasan kan ne maimakon can baya, alamar kan a saman wuya yake zaune, amma har yau masanan na ta jayayya a kansa. Lusi, sunan da aka sa wa wani tsohon ƙwarangwal, ta fi ƙarfin hujja, a 1974 Donald Johanson ya samo ta a Hadar ta ƙasar Habasha, shekara miliyan 3.2, tsayinta mita ɗaya da ɗan ɗoriya, ƙwaƙwalwa ƙarama kamar ta biri amma kwankwason na mai tafiya a miƙe ne. Ni wanda yafi burge ni shine sawun Laetoli a Tanzaniya da mutanen Mary Leakey suka gano a 1978, an taka tokar dutse mai aman wuta tana da damshi ta daskare shekara miliyan 3.6 da suka wuce, ga diddige ga babban yatsa a jere, babu sawun hannu ko ɗaya. Kuma ka lura, masanan nan basu ce birin kasuwarku ne ya rikiɗe ya zama mutum ba, abin da suke cewa tushe ɗaya aka haɗa can da nisa kowa ya kama hanyarsa. Me ya jawo miƙewar, ɗaukar abinci a hannu ne ko rage wahalar tafiya mai nisa, nan ma bakinsu bai zo ɗaya ba.

Tambaya: Malam ni kullum da tulu a kaina amma bayana lafiya lau, maigidana da yake wuni a kujerar ofis shi ke kukan ciwon baya. Ya akai haka? Daga wata uwargida a Maraɗi.

Amsa: Hajiya, ƙashin bayan mutum ba a miƙe yake kamar sanda ba, yana da lanƙwasa a wuya da tsakiya da ƙugu, kuma nauyi duk a ƙasan nan yake taruwa. Kaya a ka bisa gammo yana sauka ne ta kan wannan layin, har an taɓa aunawa a Kenya cikin 1986 aka ga matan ƙabilun Luo da Kikuyu na ɗaukar kusan kashi 20 cikin ɗari na nauyin jikinsu ba tare da ƙarin ƙarfi ba. Shi kuma zaman duƙe yana baje lanƙwasar ƙugun. Ya dinga tashi yana ɗan zagayawa, in ciwon na sauka ƙafa ko tana masa sanyi ya je asibiti. Ke ma dai a rage wa wuyan lodi, jarka biyu a ka tayi yawa.