Tambaya da Amsa: Bindigar iskata na yoyo, in aika ta Jamus gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina zaune a Ingila ne kuma ina cikin wani kulob na wasan harbi, irin na mita 10 da ake yi a gasar Olamfik. Ƙaramar bindigar iskata ƙirar Jamus ce, to yanzu ta fara yoyo, in na cika silindar iskarta da dare kafin gari ya waye allurar gejin da ke nuna matsin iska ta sauka, harbin ma wani ya tafi sama wani ƙasa. Ina so in aika wa kamfanin da ya ƙera ta su duba, amma wani ya ce min masu aika kaya ba sa karɓa. Dan Allah ya zan yi? Daga wani mai karatu a birnin Manchester.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka siffanta yawanci zoben robar da ke toshe iska ne ya bushe ko ya tsage, ko kuma regileta ta gaji, ita ce ke rage ƙarfin iskar silinda daga bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne) zuwa daidai abin da harbi ɗaya ke buƙata, in ta fara wasa dole saurin harsashin ya riƙa canjawa. Gyara ne da ake yi kullum, don haka kafin ka fara neman kwali ka tambayi wakilin kamfanin a nan Birtaniya tukuna. Manyan masu ƙera irin wannan bindiga, Feinwerkbau da ke Oberndorf, da Walther da ke Ulm, da Steyr na Ostiriya, da Morini na Suwizalan, da Pardini na Italiya, ta hannun dillalai suke sayar da kayansu, kuma dillalin ko dai ya canja robar da kansa ko shi ya aika ta masana'anta da takardunsa. Ni a ganina wannan ya fi maka sauƙi nesa ba kusa ba.

In kuwa ka dage sai ka aika da kanka, to fara rubuta wa sashen gyaransu da lambar jikin bindigar da bayanin matsalar, kada ka tura komai sai sun amsa sun faɗa maka yadda suke so a aiko.

Maganar masu aika kaya gaskiya abokinka ya faɗa, da yawansu da sun ji kalmar bindiga shi ke nan, ko ta iska ce. Ka kira su ka faɗi ainihin abin da ke cikin kwalin, ka nemi amsa a rubuce. Kada wani ya ruɗe ka wai ka rubuta "kayan wasa" kawai, wallahi in na'urar bincike ta nuna siffar fistol za a riƙe kayan, inshora ma ba za ta biya ka ko sisi ba tunda ƙarya ka yi a fom.

Sai silinda, nan ne mutane suka fi shiga matsala. Iska matsattsiya tana cikin jerin kaya masu haɗari a dokar jiragen sama, don haka ka kwance silindar ka fitar da iskar kaf har allura ta kwanta kan sifili, in ma kamfanin bai nemi ganinta ba ka bar ta a gida. Ka kuma duba kwanan watan da aka buga a jikinta, don shekara 10 ne wa'adinta a dokar gasa, in ya wuce sabuwa kawai za ka saya. In kunamar bindigar ta lantarki ce ka cire batirin.

Kwastan kuma tun 1 ga Janairun 2021 da Birtaniya ta fita daga tsarin kwastan na Tarayyar Turai, duk kwalin da zai tafi Jamus sai da takardar bayanin kaya. Ka rubuta ƙarara cewa fita ce ta wucin gadi don gyara kuma za ta dawo, ka sa lambar rukunin kaya ta kwastan 9304, da lambar bindigar, da girman harsashi milimita 4.5, ka ajiye kwafin komai har rasit ɗin saye. In ba ka da shaidar fitarta, ranar dawowa sai a caje ka haraji kan kuɗin bindigar gaba ɗaya kamar sabuwa ka sayo, alhali da takardu daidai kan kuɗin gyaran ne ake lissafi. Ka duba jikin bindigar ko akwai tambarin F cikin zane mai kusurwa biyar, shi ke nuna ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne), iyakar da Jamus ta sa wa wadda ba ta buƙatar lasisin mallaka.

Af, tunda na san halinmu, kada ka ce za ka jefa ta cikin akwati in za ka je gida hutu ko ka ba wani mai tafiya. A Najeriya ƙaramar bindigar iska tana cikin jerin kayan da hukumar kwastan ta haramta shigo da su kwata-kwata.