Amsa kan buhuna goma da tebur ɗin t

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata da ta tambaya ko za ta iya amfani da gwajin z na ƙididdiga don gano ko nauyin buhunan sito ya kai abin da aka rubuta a jikinsu, tunda buhuna goma kawai ta auna, amsar ita ce a'a, gwajin t za ki yi. Amma ba ƙarancin goman ne kaɗai dalili ba, ki saurara da kyau. Dalilin shi ne ba ki san ainihin warwatsuwar nauyin duka buhunan da ke sito ba, wato sigma. Daga goman nan kika ƙiyasta ta, kika samu s, kuma ita kanta s ɗin tana rawa idan samfur ya yi kaɗan. Wannan rawar ce tebur ɗin t yake biya. Shi ya sa William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dublin, ya fitar da shi a 1908 da sunan Student, don shi ma samfur kaɗan yake samu a aikinsa.

To bari mu ɗauki misali. An rubuta kilo 50 a jikin buhun taki. Kin auna goma, matsakaicinsu ya ba ki 49.2, s kuma 1.2. Hasashen farko, H0, shi ne matsakaicin 50 ne. Ki raba 1.2 da sikwaya rut na goma, wato 3.162, ki samu 0.379. Sai ki cire 50 daga 49.2, saura 0.8 a ƙasa, ki raba da 0.379. T ɗinki ya zama 2.11 da alamar ragi. Df kuma, wato lambar layin da za ki duba a tebur ɗin t, tara ne, goma a cire ɗaya.

Yanzu duba abin da nake nufi. A matakin kuskure na kashi biyar cikin ɗari, gefe biyu, wato ko nauyin ya gaza ko ya wuce 50, iyakar z 1.96 ce, 2.11 ya wuce ta, da kin ce an tauye mudu. Amma layin tara a tebur ɗin t 2.262 ne, kuma 2.11 bai kai ba. Kin ga z ta sa ki zargi mutum da hujjar da ba ta isa ba. Idan kuwa tun farko tambayarki ita ce ko buhunan sun gaza 50, gefe ɗaya ke nan, iyaka 1.833, kin wuce ta. Tun farko fa na ce. Ba a ganin sakamako sannan a zaɓi gefe, wannan maguɗi ne.

Kuma don Allah a daina rubuta mana "mun amince da H0". Abin nan yana damuna a furojet ɗin ɗalibai. Rashin samun hujja ba ya nufin buhunan sun cika. Abin da za ki ce shi ne, bayanan ba su isa a yi watsi da shi ba. Buhu goma ne fa kacal, me suka tabbatar?

Sai kalkuleta. Akwai sx, akwai sigma x, ki danna sx, mai rabawa da n, wato yawan buhunan da kika auna, a cire ɗaya. A Excel STDEV.S ke nan, ba STDEV.P ba. Da sigma x ko STDEV.P za ki samu 1.14 maimakon 1.2, t ya kumbura zuwa 2.22 a banza.

Maganar talatin ɗin nan da kowa ya haddace kuwa, wai in samfur ya kai talatin sai a yi z... a'a, bar ta, ko a df 29 iyakar t 2.045 ce, ba ta zama 1.96 ba.

Abin da ya fi muhimmanci, kafin lissafi ki jera lambobin goma ki kalle su. In akwai buhu ɗaya mai kilo 44 saboda ya yage, shi kaɗai zai ja matsakaici kuma ya kumbura s, gwajin t kuma yana so a ce nauyin bai karkata gefe guda sosai ba. Sannan kar ki ɗebo goman daga bakin ƙofar sito, ki sa wa buhunan lamba ki yi ƙuri'a. Turo min lambobin nan goma in duba.