Filin Tambaya da Amsa: An gayyace ni taron masoyan Dark Shadows, in je ko in ba da uzuri?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke jihar Niyu Yok a Amurka. Akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya da muka shekara shida muna aikin dare tare, ta riƙe ni tamkar 'yar cikinta, yanzu kuma ta yi ritaya. Ta gayyace ni in raka ta wani taro na ƙarshen mako da masoyan wani tsohon wasan talabijin mai suna Dark Shadows za su yi a garin Tarrytown. Ban taɓa kallon wasan ba, hotunan da ta nuna mini kuwa daga akwatin gawa sai kyandirori sai wani mutum mai fiƙa riƙe da sanda. Ina jin nauyin in ce mata a'a, amma hankalina bai kwanta ba. Shin wannan taron matsafa ne? Idan kuma na je, me zan tarar, kuma yaya zan yi kada in ba ta kunya a gaban ƙawayenta?
Daga wata mai karatu, Niyu Yok.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shawarata ita ce ki je, kuma ki kwantar da hankalinki, domin abin da za ki tarar babban zaure ne na otal da aka jera wa kujeru, cike da dattawa 'yan shekara sittin da saba'in, kowa da tabaronsa na karatu da jakarsa mai ɗauke da tsofaffin mujallu. Akwatin gawar da kika gani kayan wasa ne, fiƙar kuma ta roba ce. Na halarci taron cikar wasan shekara 50 da aka yi a Tarrytown ɗin a watan Yunin 2016, kuma abu mafi tsoratarwa da na gani a kwana ukun nan shi ne tsawon layin masu jiran a sa musu hannu.

Kafin ki fahimci abin da yake tara mutanen nan, sai kin san yadda wasan ya shiga rayuwarsu. Gidan talabijin na ABC ya fara nuna shi ranar 27 ga Yunin 1966, ya kuma rufe ranar 2 ga Afrilun 1971, bayan kashi 1,225, ana nunawa kowace rana daga Litinin zuwa Juma'a, rabin awa da la'asar. Wannan lokacin ya zo daidai da tashin yara daga makaranta, saboda haka wasan da aka shirya domin matan da ke zaune a gida sai yara da 'yan mata suka ƙwace shi, suna sheƙowa a guje da jakar littattafai don kada su rasa farkonsa. Idan kika lissafa shekarun uwar ɗakinki, da wuya a ce ba ta cikin waɗancan yaran. Ke nan da ta ce ki raka ta, ƙuruciyarta take so ta nuna miki, kuma ba kowa ake yi wa wannan gayyata ba.

Dan Curtis ne ya ƙirƙiro wasan. Da farko labarin wata marainiya ne mai suna Victoria Winters, wadda ta sauka daga jirgin ƙasa da dare a wani gari na ƙage mai suna Collinsport a gaɓar tekun jihar Maine, domin ta koyar da wani yaro a katafaren gidan iyalan Collins, gida mai ɗakuna a kulle da asirai da ba a son tonawa. Irin wannan labari na tsohon gida da duhu da hazo da laifin kakanni da ke bibiyar jikoki shi Turawa suke kira salon gotik. Masu kallo ba su taru ba, har gidan talabijin ya fara maganar soke shirin. A watan Afrilun 1967 sai marubutan suka sa wani ɓarawo mai neman gwala-gwalai ya kwance sarƙar wani akwati a makabartar gidan, daga ciki kuma Barnabas Collins ya fito, wato gawa mai shan jini da aka ɗaure tun ƙarshen ƙarni na 18. Wanda ya fito a matsayinsa, Jonathan Frid, ɗan Kanada ne da ya saba wasannin Shakespeare a kan dandamali, an kuma ɗauke shi ne na kimanin mako 13 da niyyar a kashe Barnabas daga baya. Sai ya taka rawar a matsayin mutum mai nadama da ke ƙyamar halin da ya tsinci kansa a ciki, wasiƙun masu kallo suka yi ta kwarara, maganar kashe shi kuma ta bi ruwa.

Ga abin da nake so ki riƙe, domin shi ne mabuɗin zauren nan gaba ɗaya. Masoyan wasan sun san yana da aibi, kuma aibin nasa suna daga cikin abin da suka fi ƙauna. Kashi biyar ake ɗauka kowane mako a wani ƙaramin ɗakin ɗaukar hoto a Manhattan, gyaran faifan bidiyo kuwa a wancan zamani yana da tsada da wahala, don haka kusan a tashi ɗaya ake ɗauka, duk abin da ya faru kuma haka za a watsa shi. Ɗan wasa ya manta maganarsa ya tsaya yana rarraba ido, inuwar makirufo ta gilma a bango, dutsen kabari ya yi rawa saboda wani ya taɓa shi, ƙuda ya sauka a fuskar mai magana a daidai lokacin da ake son mai kallo ya razana. A wurin taro akan haɗa irin waɗannan kurakurai a nuna a babban allo. Na zauna kusa da wani dattijo wanda tun kafin kuskure ya bayyana yake taɓa gwiwar matarsa yana nuna mata kusurwar da za ta duba, su biyun suna ƙyaƙyata dariya har hawaye, alhali kuwa sun ga wannan wurin ya fi a ƙirga. Dariya ce irin ta 'yan gida ɗaya idan an tuno wautar wani a ƙuruciya. Ki yi dariyarki tare da su, amma kada ki ce wasan shirme ne, domin wannan maganar su kaɗai ke da ikon faɗa.

Tsarin taron bai cika sauyawa ba tun daga 1983 da aka fara babban bikin masoyan, wanda aka riƙa yi wani lokaci a yankin Niyu Yok, wani lokaci a yankin Los Anjelis. Da rana tsofaffin 'yan wasa kan hau mumbari su amsa tambayoyi, a nuna tsofaffin faifai, a yi gwanjon kayan tarihi, a gefe guda kuma akwai ɗakin 'yan tireda masu sayar da hotuna da littattafai da faifai. Da dare ɗaya akan yi bikin shigar kwaikwayo, inda za ki ga mata cikin dogayen riguna irin na 1795 ko 1897, shekarun da labarin ya koma baya ya zauna a cikinsu, maza kuma da baƙar alkyabba da sanda mai kan kyarkeci irin ta Barnabas. Ba wanda zai tilasta miki yin shiga, mafi yawan mahalarta ma da kayansu na yau da kullum suke zuwa. Akan rufe da liyafar cin abinci, wadda galibi tikitinta daban ne da na shiga taro.

A layin sa hannu ne baƙo ya fi yin kuskure. 'Yan wasan da suka rage sun manyanta ƙwarai, wasu sun haura tamanin, kuma sukan zauna awanni suna rubuta sunansu. Ki tambayi kuɗin sa hannu ko na hoto kafin layi ya zo kanki, ki riƙe tsabar dala ƙanana a hannu, ki nemi izini kafin ki ɗaga waya, idan kuma uwar ɗakinki ta fara ba ɗan wasa labarin yadda ta kalle shi tana 'yar shekara goma sha ɗaya, ki ja baya kaɗan ki bar ta ta ƙarasa. Kada kuma ki yi mamaki idan kika ga ana share hawaye. Grayson Hall, wadda ta fito a matsayin likita Julia Hoffman, ta rasu tun 1985, Joan Bennett wadda ta fito a matsayin uwar gidan Collins a 1990, Dan Curtis a 2006, Jonathan Frid a Afrilun 2012, John Karlen wanda ya buɗe akwatin nan a 2020, Lara Parker wadda ta fito a matsayin mayya Angelique kuma a Oktoban 2023. Kowane taro yanzu yana da ɗan kama da zaman ta'aziyya, ke kuma da aikinki ya koya miki zama da tsofaffi ba sai na koya miki yadda ake yi ba.

Game da tsafi, gaskiya ita ce labarin wasan yana cike da fatalwa da maita da kiran matattu da mutum mai rikiɗa ya koma kyarkeci, kuma duk wannan za ki gan shi a allo ko a ɗan wasan barkwanci da masoya kan shirya. Amma ba a bauta wa kowa, ba a yanka komai, ba a rantsar da kowa. Idan wani sashe bai yi miki ba, ki fita ki sha iska, mutane na shiga da fita a kowane lokaci. A liyafar dare akan sayar da giya, wanda ba ya sha kuma ba a tambayarsa dalili. Idan da hali ki kama ɗaki a otal ɗin da ake taron, domin ki samu wurin salla da hutawa ba tare da kin nemi mota ba.

Tunda Tarrytown za ku, tabbas za a kai ku Lyndhurst, wani gidan dutse mai hasumiya a bakin kogin Hudson wanda aka fara ginawa a 1838, attajirin jiragen ƙasa Jay Gould ya taɓa mallaka, yanzu kuma gidan tarihi ne da ake shiga da tikiti. A nan aka ɗauki finafinan silima biyu da aka yi daga wasan a 1970 da 1971. Ko da ba ki damu da Barnabas ba, gidan da filinsa sun isa a yi tafiya dominsu, jirgin ƙasa na Metro-North kuma yana kai mutum garin daga tashar Grand Central cikin ƙasa da awa ɗaya. Kafin ranar, ki kalli kashi na 210 zuwa kamar na 220, inda Barnabas ya fara bayyana, kowanne bai wuce minti 22 ba, sannan a cikin mota ki tambaye ta wa ta fi so tsakanin Barnabas da Quentin, wani ɗan gidan Collins da ya shigo labarin daga baya. Wannan tambayar kaɗai za ta kai ku har ƙofar otal.

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne a jihar Rhode Island. Na kalli fim ɗin Dark Shadows na 2012 wanda Johnny Depp ya fito a ciki, ya kuwa burge ni. Shin wannan ya ishe ni in shiga taron masoyan, ko sai na kalli tsohon wasan duka? An kuma ce mini ainihin gidan yana nan jiharmu.
Daga wani mai karatu, Providence.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Za a karɓe ka hannu biyu, domin matasa suna da daraja a irin wannan zaure, amma ka yi hattara da yadda za ka yabi fim ɗin. Daraktan fim ɗin, Tim Burton, ya karkatar da shi wajen barkwanci, da yawa daga cikin tsofaffin masoya kuma sun ɗauki hakan a matsayin an yi wa abinsu ba'a, duk da cewa 'yan tsohon wasan, Jonathan Frid da Lara Parker da David Selby da Kathryn Leigh Scott, sun ɗan leƙo a cikinsa a matsayin baƙi a wurin wata walima. Frid ya rasu 'yan makonni kafin a fara nuna fim ɗin, wannan ma ya ƙara wa maganar nauyi a wurinsu. Za ka fi samun sauƙi idan ka ambaci sabuntawar da tashar talabijin ta NBC ta yi a 1991 da Ben Cross a matsayin Barnabas, wadda ta tsaya a kashi 12 bayan labaran Yaƙin Tekun Fasha sun yi ta hargitsa lokutan nuna ta.

Ba sai ka kalli tsohon wasan duka ba, domin ya kai kusan awa 450, kai kuma karatu ya kai ka can. Ka fara daga fitowar Barnabas, ka jure baƙi da fari har zuwa Agustan 1967 da aka koma hoto mai launi, sannan ka bi labarin 1795, inda za ka ga yadda Angelique ta la'ance shi saboda ya bar ta ya nemi auren Josette. Abin mamaki, kusan duka wasan ya tsira, saɓanin yawancin shirye-shiryen rana na wancan zamani da aka shafe faifansu. Kashi ɗaya ne kawai hotonsa ya ɓace, na 1219, shi ma an sake haɗa shi da muryar da wani mai kallo ya naɗa a gida.

Maganar gida kuwa gaskiya aka faɗa maka. Ginin da ake nunawa daga waje a wasan talabijin a matsayin Collinwood, wato gidan iyalan Collins, shi ne Seaview Terrace a garin Newport, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Providence, sai dai daga waje kawai aka ɗauke shi, duk abin da ka gani na cikin gida a Manhattan aka gina shi da katako. Gidan mallakar wasu iyali ne, saboda haka ka tsaya a bakin titi ka ɗauki hotonka, kada ka tura ƙofa.