Hajiya, kada ki shiga tafkin otal bayan an rufe shi

Assalamu alaikum Hajiya. Tun jiya da daddare na karanta tambayarki, inda kika ce za ku tafi hutu Sharm al-Shaikh ta ƙasar Masar da maigida da yara uku, otal ɗin kuma ya rubuta cewa yana rufe tafkin ninkaya da faɗuwar rana, ke kuwa ba za ki iya shiga ruwa ba sai maza sun watse, shi ya sa kike neman sanin ko akwai wadda ta taɓa shawo kan ma'aikata suka buɗe mata da dare. Na ga wasu 'yan'uwa sun ce miki abin ba wuya, ki yi wa mai gadi ɗan ihsani kawai. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, don haka ba zan iya yin shiru ba, domin ni na bi wannan shawarar, kuma saura ƙiris na dawo Kano da gawar 'yata.

Mu a Hurgada, wani garin hutu na Masar ɗin, abin ya same mu, can bakin Bahar Maliya, shekaru uku da suka wuce. Damuwata irin taki ce. Kwana huɗu ina zaune a ƙarƙashin lema da hijabina ina kallon mutane suna iyo, ina jin cewa kuɗinmu ɗaya da nasu amma rabin jin daɗin wurin ya wuce ni. A dare na biyar ni da ƙanwar maigidana muka yi magana da mai gadin da ke wajen tafkin, muka ba shi wani abu, ya janye sarƙar da aka gitta, ya ce mu yi a hankali kada a ji motsinmu. Sha ɗaya ta wuce a lokacin. 'Yata mai shekara biyar ta ƙi barci, kuma ban so na tashi babanta ba, sai na taho da ita na kwantar da ita a kan kujerar bakin ruwa, na lulluɓe ta da tawul, na ce kada ta motsa. An kashe fitilun cikin ruwan, sai hasken wata fitila daga nesa, ni kuwa har daɗi na ji, domin duhun nake nema.

Ba zan iya cewa ga minti nawa muka yi ba. Muna ta hira ƙasa-ƙasa a ɓangaren da ruwa ya tsaya mana a ƙirji, na waiwaya, na ga tawul a ƙasa, kujera babu kowa. Hajiya, ban ji faɗuwarta ba. Ban ji kuka ba, ban ji ta kira ni ba, ko fantsamar ruwa ban ji ba, alhali tsakanina da ita bai fi taku goma ba. Na duba ruwan, baƙi ƙirin, ba na ganin ko ƙafata. Na fara lalube da hannu ina kiran sunanta, ina matsawa gaba, ban san ƙasan tafkin yana gangarewa ba sai da ƙafata ta rasa wurin takawa. Doguwar rigar da na shiga da ita ta sha ruwa ta naɗe mini ƙafafu, na koma ni ma ina neman mai cetona. Ƙanwar maigidana tana ta ihu, mai gadin ya rugo, amma shi ma bai iya ruwa ba, kuma robar ceton nan mai kama da taya da sandar da ake miƙa wa mutum duk an kulle su a ɗakin ajiya tun da yamma, makullin yana hannun ma'aikacin ceto da ya tashi aiki. Wani matashi mai aiki a kicin, wanda ya tashi yana kan hanyarsa ta zuwa masauki, shi Allah ya jefo mana. Ya faɗa da kayansa, ya nutsa sau biyu, a na biyun ya fito da ita jikinta sake, leɓɓanta sun canja launi. Ya shimfiɗe ta, ya hura mata iska a baki, ya dinga danna ƙirjinta yana sake hurawa, ni kuwa ina durƙushe babu abin da ke fita daga bakina sai innalillahi, har ta yi tari ta amayar da ruwa. Har yau idan na ji ƙarar famfon tace ruwa da dare sai gabana ya faɗi.

Mun kwana biyu a asibiti tana shaƙar iska ta roba. Likitan ya gaya mana cewa ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa idan ta yi minti 4 zuwa 6 babu iska, kuma yaron da ke nutsewa ba ya iya ihu, domin ɗan lokacin da bakinsa ke fitowa sama bai ishe shi jan numfashi ba balle kira. Ya ce ko da yaro ya farfaɗo yana magana, dole a kai shi asibiti a sa masa ido, saboda ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i. Ki ajiye 123 a wayarki, ita ce lambar motar asibiti a Masar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda manajan otal ɗin ya karɓe mu da muka dawo. Na san na yi laifi, kuma ban taɓa musun hakan ba, amma mutumin nan bai tambayi lafiyar yarinyar ba ko sau ɗaya. Ya kai mu gaban allon da aka rubuta lokacin rufewa da Larabci da Turanci da Rashanci, ya sa yatsa a kai kamar yana koyar da ɗan firamare, sannan ya miƙo takarda wai mu sa hannu cewa otal ba shi da alhaki. Maigida ya tambaye shi dalilin da ya sa tafki mai zurfin mita 2 a tsakiyar ɗakunan iyalai ba shi da shinge sai sarƙa ɗaya da yaro zai bi ta ƙarƙashinta, da dalilin kulle kayan ceto da dare, ya ce haka tsarinsu yake. Akwai kyamara tana kallon wurin, amma babu mai kallon kyamarar. Suka kori mai gadin, wanda ni na ja shi cikin abin, hakan kuma yana damuna har yanzu, shi kuwa yaron kicin ko godiya ba su yi masa a gabanmu ba. Ba mu sa hannu ba.

Daga baya ne na fahimci cewa rufe tafkin ba rowa ba ce. Bayan tashin ma'aikacin ceto, da dare suke zuba sinadarin kulorin mai yawa domin ya kashe ƙwayoyin cuta kafin safiya, shi ya sa ƙanwar maigidana ta tashi idanunta jajur. Akwai kuma ramin ƙasan tafki da famfo ke zuƙar ruwa ta cikinsa, wanda yake iya kama gashi ko tufa mai faɗi irin namu idan murfinsa ya karye. A Amurka irin wannan ramin ya riƙe wata yarinya mai shekara 7, Virginia Graeme Baker, a kwamin ruwan ɗumi a 2002 har ta rasu, aka yi doka da sunanta a 2007 wadda ta tilasta sauya murafan. A Faransa tun 2003 doka ta wajabta shinge ko ƙararrawa ko murfi ko rumfa a kan irin waɗannan tafkuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar, kuma duk lokacin da na tuna adadin sai na ga fuskar 'yata a cikinsu.

Tun da ba ku tafi ba, ki rubuta wa otal ɗin yau ki tambaye su ko suna da tafkin mata zalla ko wasu sa'o'i da suke ware wa mata tare da ma'aikaciyar ceto, su ba ki amsa a rubuce. Ki kuma tambaye su ko suna yarda da burkini, wato kayan ninkaya na mata masu rufe jiki, domin an sha yin gardama a kansa a wasu otal-otal na Masar, amma don Allah kada ki shiga ruwa da abaya ko zane. Idan babu, tafkin da ake buɗewa da sassafe yakan zama kusan babu kowa a sa'ar farko, kuma ga mai ceto a zaune. Mu bara Alanya muka je a Turkiyya, inda akwai otal-otal masu tafkin mata a killace, ma'aikatan duk mata, har waya suke karɓa a ƙofa, na yi iyo da rana tsaka hankalina kwance. Kada ki karɓi ɗakin ƙasa mai ƙofar gilashi da ke buɗewa kai tsaye zuwa bakin ruwa, domin yaro yana iya fita kuna barci. Balan-balan ɗin nan da ake sa wa yara a damtse abin wasa ne, yana sulɓewa, ki sayi rigar ceto ta gaske daidai nauyin kowane yaro, mai launi mai haske da za ki hango a cikin ruwa. Idan kuna bakin tafki ke da maigida, ku faɗa da baki wane ne ke kallon yara a wannan lokacin, domin ni da ƙanwar maigidana kowaccenmu ta ɗauka ɗayar tana waiwayawa.

'Yata yanzu shekararta takwas, lafiyarta ƙalau alhamdulillahi, kuma na sa ta a makarantar koyon iyo duk da cewa watannin farko sai da na riƙe hannunta kafin ta yarda ta sa ƙafa a ruwa. Ni ma na je na koyi yadda ake hura iska da danna ƙirji. Idan otal ɗin sun ba ki amsa, ki kawo mana ita nan mu duba tare kafin ki biya sauran kuɗin. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku da yaran duka lafiya.