Wai wace riga ce tunik, kuma daga ina ta samo asali?

Tambaya: Salam malam, ina yawan ganin ana rubuta tunik a tallan kayan sawa a intanet, wace irin riga ce, su waye suka fara saka ta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Tunik dai taguwa ce, riga mai sauƙin ɗinki da ake zurawa ta kai, ta sauko cinya ko gwiwa, wani lokacin har idon sawu. Sunan daga Latin ne, tunica, yaren Rumawan da, amma rigar ta girme su nesa ba kusa ba. A Tarkhan da ke kudu da Alƙahira an tono wata rigar lilin da ta haura shekara 5,000, yanzu haka tana gidan tarihi na Petrie a Landan.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, tsadar yadi ce ta ba ta wannan siffar. A da sai an kaɗa zare da hannu an hau masaƙa, aiki ne ja, to wa zai yarda a sa almakashi a yi ta zubar da ƙyalle? Sai a ninka yadin biyu, a bar wurin wuya da na hannu, a ɗinke gefe da gefe, a ja ɗamara a ƙugu, shi ke nan an yi riga kuma ba abin da ya tafi a banza. Ni dai wannan hikimar tana burge ni matuƙa.

A Rum kowa na saka ta, daga bawa har sanata, galibi ta ulu, ta maza iya gwiwa ta mata har ƙasa. Ratsi ne ke nuna matsayi, na sanata mai faɗi ne launin shunayya, na masu bi musu a daraja siriri, kuma rinin mai tsada daga wani dodon koɗi na teku ake samo shi. Manya sukan yafa toga, wani babban mayafi na ulu, a kanta, lebura kuwa tunik ɗin kaɗai ce suturarsa.

Haka Turai ta ci gaba da saka ta har ƙarni na 14, lokacin da teloli suka koma yanka yadi daidai jiki ana sa maɓallai, sai ta rage a jikin limaman coci da talakawa. A ƙarni na 19 sojojin Birtaniya suka laƙaba wa rigar kakinsu sunan. Wadda kake gani a talla kuwa yawanci rigar mata ce mai sakin jiki da ta wuce ƙugu, ana saka ta a kan wando.