Tanti, an ce lafiyata lau amma zuciyata na son fita

Tambaya: Salamu alaikum Tanti. Ni ɗiyarki ce daga Bukoki nan Yamai, shekarata 26. Wata uku ke nan ina cikin taksi za ni Wadata sai kawai zuciyata ta kama bugawa kamar za ta fito, numfashi ya ƙi, zufa, yatsuna suka yi sanyi suna tsira-tsira, wallahi har kalmar shahada na yi. Na je wani kilinik aka auna tansiyo aka ce ba ni da komai, innata kuma ta ce iska ne. Ya sake zuwa sau huɗu, yanzu ko taksi tsoron shiga nake. Hauka ne ke son kama ni?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, sannu, Allah shi ba ki lafiya. Ba hauka ba ne, kuma ba ke kaɗai ba ce, wannan abin ya ma fi kama mata. Abin da kika faɗa ya yi kama da firgici na farat ɗaya, jiki ne ke kaɗa gangar yaƙi alhali ba maƙiyi, sai ya zuba wani sinadari adirenalin cikin jini, zuciya ta ƙara gudu ki kama haki, to hakin nan ne ke sa jiri da sanyin yatsun da kika ji. Yakan kai maƙura cikin kamar minti 10 sannan ya fara sauka da kansa, kuma shi kansa ba ya tsayar da zuciya ko da kin ji kamar rai zai fita.

Amma fa ni daga nan ban auna ki ba, kuma awon tansiyo kaɗai bai isa ba. Koma wajen likita ki ce a yi miki awon zuciya na ECG, a duba jini ko ya yi ƙasa, da sukari, da maƙoƙo, don duk suna iya kawo irin wannan bugun. In sun fito lafiya kar ki naɗe takardun ki koma gida ki yi shiru, nan ne mutane da yawa ke ɓata shekaru, abin na ci min rai wallahi. Ki ce a tura ki wajen masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akwai sashensu a babban asibitin ƙasa na Yamai. Na san abin da 'yan kartiye za su ce in sun gan ki can, to su ce, ba su ke kwana ido biyu ba. Akwai magani na zama a yi magana a koya miki yadda za ki daina tsoron bugun, akwai kuma na sha wanda sai ya yi 'yan makonni kafin ki ga aikinsa, kar ki yar da shi kwana uku ki ce bai yi ba. Diyazefam, ƙwayar kwantar da hankali ta masu tallan magani a tire kuwa ki nisance shi, jiki na sabawa da shi.

Inna kuma kar ki yi gardama da ita, ku yi addu'arku da azkar, asibiti ma a je, ki ja ta ta raka ki ta ji da kunnenta.

In firgicin ya taso, zauna, ɗora hannu bisa cikinki, ja numfashi ta hanci ki ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali ta baki kamar mai hura kunu da zafi, kina ƙirgawa har shida. Ki rage shayi mai ƙarfi da Nescafé da goro. Taksi kuma kar ki daina shiga, gudun ne ke ƙara ma tsoron ƙiba, fara da gajeren zango ke da ƙawarki, ki zauna ta bakin taga.

In kuwa ciwon ƙirji ya danne ki yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, ko kika suma, wannan ba na jira ba ne, a kai ki asibiti nan take. Ki sake rubuto min in sakamakon awon ya fito, ina jira.