Ga mai tambaya kan hoton faɗuwar rana da ke fitowa fari fat

Ɗan'uwa, wallahi da na karanta tambayarka sai da raina ya sosu, don na san wannan ciwon. Ka ce kana tsaye ga sama ta yi ja kamar garwashi, ka ɗaga waya ka ɗauka, ka duba sai ka ga sama ta yi fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin, jan nan duk ya gudu, har kana shawarar sayar da wayar. Don Allah kada ka sayar. Masu shago za su ce maka sai ka ƙaro kuɗi ka sayi babba, ka saya kuma ka koma gidan jiya.

Idonka yana iya ganin haske da duhu a lokaci guda, kyamara kuwa ba ta iyawa. In ka bar ta ta zaɓa da kanta, sai ta dage sai ta haska ƙasa, sama kuma ta ƙone. Wurin da ya ƙone ya zama fari babu manhajar da za ta dawo da shi, amma duhu ana iya ɗago shi daga baya. Saboda haka gara hoton ya ɗan yi duhu. Ka taɓa allo a gefen rana, ba a kan ranar ba, ka danne yatsa har ta kulle, sannan ka ja alamar hasken nan ƙasa har jan ya dawo. In kyamarar wayarka tana da Pro, wato sashen da kai ne kake saita komai da hannu, sa ISO (ƙarfin karɓar haske) a 50 ko 100, EV (ƙara ko rage hasken hoto) a −1, in har ranar tana cikin hoton ka kai shi −2. Sai WB, wato saitin daidaita launi, wanda shi ne ɓarawon jan: in yana zaɓa da kansa, yana ɗaukar ja a matsayin kuskure, sai ya zuba shuɗi don ya gyara. Cire shi ka sa tsakanin 5500 da 6500.

Kafin duk wannan ma, goge gilashin. Maiƙon yatsa kaɗai ya isa ya sa hasken rana ya bazu kamar hayaƙi. Amma a nan ne ake yi wa mutane ɓarnar da ta fi ƙona min rai. Ƙurar hunturu yashi ce, tana karce gilashi. Mutum ya kai kyamararsa wurin wanda ya ce shi mai gyara ne, ya kama bakin riga ko auduga ya murje gilashin da ƙurar a kai, wani ma har ya buɗe ya taɓa farantin da ke karɓar haske a ciki. A hoton rana tsaka ba za ka ga komai ba. Sai ranar da ka fuskanci rana, sai ga zane-zane da ɗigo-ɗigo a sararin sama, a wuri ɗaya, a kowane hoto. Karcen nan ba ya gyaruwa, kuma mai gyaran zai rantse maka haka ka kawo ta. Kuɗin da mutum ya yi shekara yana tarawa ke nan! A fara hure ƙurar da ɗan famfon roba, sannan a goge da ƙyallen tabarau mai laushi, daga tsakiya zuwa gefe. Kada a hura da baki, yawu yana bi. Masu babbar kyamara, kada ku canza gilashi a fili lokacin hazo, ku shiga mota ko ɗaki, bakin kyamarar yana kallon ƙasa.

Ba ka faɗi watan da ka ɗauka ba. In tsakanin Disamba da Fabrairu ne, hazo yakan haɗiye rana tun ba ta kai ƙasa ba, ta zama farin faifai, sama ta yi toka-toka. Nan babu saitin da zai kawo ja. Ka ɗauki faifan kansa a bayan kuka ko giginya. Jan gaske yana damina da farkon kaka, musamman yammacin da aka yi ruwa aka ɗauke, iska ta wanku, ga gajimare sama-sama, yamma kuma a buɗe.

Lokacin gajere ne a wajenmu, don rana tana sauka kusan a miƙe. A Kano tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 a Nuwamba, kusan 7 saura kaɗan a Yuli, kuma bayan ta faɗi minti 20 zuwa 25 ne duhu ya fara rufewa. Ka isa wurin da minti 40 a hannu. Launi mafi kyau sau da yawa yakan zo ne bayan ta ɓace, daidai Magariba, don haka ka tafi da buta da darduma. Kuma ba wuri ɗaya take faɗuwa ba: a Yuni ta karkata arewa, a Disamba ta karkata kudu. In ka hau Dala ka ga ta faɗi ta wani gefe na Goron Dutse, bayan wata uku ba nan za ka same ta ba.

Kada ka ja hoto da yatsu biyu don ka kusanto rana, sau da yawa yanka shi kawai wayar take yi, ya farfashe. Ka matsa da ƙafarka, ka samo abin da zai tsaya baƙi a gaba: hasumiya, dabino, ko shanu suna dawowa daga kiwo, ƙurarsu tana kama haske. Layin ƙasa ya sauko kashi ɗaya cikin uku na hoton, ba tsakiya ba. Haske in ya ragu hannu yana rawa, sai ka ɗora wayar a kan dutse ka sa ta jira daƙiƙa 2 ko 3 kafin ta ɗauka. Mai kyamara ya sa faɗin ƙofar haske a f/8 zuwa f/11, ISO 100, RAW (ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba), ya ɗauki uku da EV a −2, 0 da +2 ya haɗa su. Kada kuma ya leƙa rana ta ramin ido da dogon gilashi, yana lalata ido.

Sannan in za ka turo mana ta WhatsApp, turo shi a matsayin fayil, don in ka tura kai tsaye matse shi ake yi, sama ta fito layi-layi. Turo wanda ka ɗauka ɗin ma mu gani, ka faɗa mana irin wayar da ƙarfe nawa ka ɗauka.